Daminar Da Aka Cire Bakina Daga Ƙidaya

Ruwan bana ne ya tono mini wannan zance. Tun shekaranjiya ake marka, irin wadda ba ta zuba da ƙarfi kuma ba ta ɗaukewa, sai yayyafi kamar baƙon da ya yi sallama ya ƙi tafiya. Katangar maƙwabcina ta jiƙe har ta fara tunanin kwanciya. Da hantsi na zaga bayan gida, sai na tarar tafasa ta rufe juji, kore shar, ko akuya ba ta kallonta. Warin ɗanyen ganyen ya bugi hancina, cikina ya yi wata irin ƙara da na rabu da ji shekara talatin da wani abu. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, wani hadarin ne kuma?" Na ce mata a'a, wani tsohon abokina ne yake gaishe ni.

Sunana Idi. Amma a Jibiya ta wancan zamani in ka ce Idi sai a tambaye ka wanne, in ka ce Shagala ko jaki zai nuna maka ƙofar gidanmu. Tun ina yaro hankalina bai taɓa zama wuri guda ba. A aike ni sayen gishiri da safe, in dawo bayan azahar da ɗan tsako a hannu da labarin raguna biyu da suka yi karo, gishiri kuwa sai dai a sake aiken wani. A masallaci liman zai yi sallama a Jibiya ni ina can Maraɗi ina cinikin takalmi. Cikin kaina kamar kasuwar Lahadi yake, kowa na magana ba mai saurare. Sai dai ana so na. Duk majalisar da na zauna sai an riƙe ciki don dariya, har tsofaffi su kan aiko a kira ni in rana ta yi musu tsawo.

Iyayenmu sun rasu da wuri, na tashi a hannun wana, Yaya Lawal. Gandu ɗaya muke, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Matarsa Hajo ita ce abokiyar wasana. Ita tana ce mini ƙaramin miji, ni ina ce mata amarya, ko da yake 'ya'yanta huɗu a lokacin. Akwai kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya amma bakinta ya fi na kowa kaifi.

Zamanin Turawa ne, ba a kai ga mulkin kai ba. Yaya ya yi ta roƙo har ya samo mini aikin ɗaga sanda a kan iyaka, wajen Magama. Aikin da ko makaho zai iya. Doguwar sanda ce a gicciye kan hanya, da dutse ɗaure a gindinta. Mota ta zo, ma'aikacin kwastan ya ɗaga hannu, ka danne dutse sanda ta tashi, mota ta wuce ka saki a hankali. Shi ke nan. Wata rana da kaka, lokacin motocin gyaɗa, sai ga motar wani Baturen likita da ya fito rangadi. Na danne dutse, sanda ta tashi. Can sai na hangi ƙadangaru biyu suna kokawa a kan katangar ofis, ƙaramin yana neman kayar da babban. Wa zai ga wannan ya ƙi tafi? Na tafa. Sanda ta sauko a kan rufin motar da ƙarar da na tabbata an ji ta har Ɗan Isa, can tsallaken iyaka.

Bature ya fito ja wur kamar tattasai. Na riga na fara salati, ina jiran mari da kora. Sai ya tsaya yana kallona, ya sa tafintansa ya yi mini tambayoyi. Tun yaushe nake haka? Ina iya sauraren magana har ƙarshenta? Na ce ban taɓa gwadawa ba. Ya ce in same shi a ɗakin shan magani. A can ya buga mini gwiwa da ɗan guduma, ya leƙa idona, ya yi rubutu, ya bar wata kwalba a hannun malamin asibiti, wani dogon dattijo Bazazzagi da muke kira Malam Disfensa. A cikin kwalbar akwai 'yan ƙwayoyi ruwan goro, kowace ba ta kai ƙwayar wake ba. Aka ce ɗaya da safe, ɗaya da rana.

Ranar da na fara sha, kasuwar cikin kaina ta watse. Tsit. Na ji kukan tsuntsu guda, na bi shi da kunne har ya gama. Ran Juma'a na saurari huɗuba daga farko har ƙarshe, na fito ina mamaki, ashe abin da ake faɗa ke nan duk shekarun nan. Sanda kuwa ta zama kamar hannuna. Na san kowace mota da kukanta tun tana bayan tudu. Yaya ya riƙa kallona yana hamdala.

Abu biyu ƙwayar ta tafi da su, ban lura ba sai daga baya. Na farko dariya. In zauna a majalisa, a jira in faɗi wani abu, ni kuwa ina ƙirga zaren tabarma. Sannu a hankali tsofaffi suka daina aikowa. Na biyu yunwa. Ɗauke ta aka yi cak kamar an cire ƙaya. Hajo ta kawo tuwo, in kalle shi kamar an ajiye mini tubali. Kwanona ya riƙa komawa cikin gida a cike, yara su cinye. Daga baya ta rage zubi. Daga baya sai ɗan kofin koko da safe, wanda nake kurɓa don kada a ce. Daga baya kwanon kansa ya koma na zuba wa kaji ruwa.

To shekarar kuwa ba a yi albarka ba. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, abin da aka ɗaure bai kai rabin na bara ba. Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, zafin da in ka ajiye ƙwai a kan dutse sai dai ka nemo gishiri. Mutane su jiƙa zane su lulluɓa, su kwanta a gindin bedi kamar gawa, leɓe a tsattsage. Ni kuwa in haɗiye ƙwayoyina da sahur, in yini ina zirga-zirga. A kira magariba kowa ya faɗa wa ƙwarya, ni ina gyara zaman hula. Aka fara cewa Shagala ya zama waliyyi. Wata tsohuwa ma ta kawo mini jikanta in tofa masa.

Bayan sallah, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Yaya ya yi abin da kowane maigida ke yi kafin shuka. Ya hau rumbu ya shiga, ya ƙirga damman da suka rage, ya ware na iri, ya ware na gayya, ya fito da ƙaiƙayi a gemu. Muna tsaye a gindin rumbun, ni da Hajo da Gwaggo. Ya fara lanƙwasa yatsu.

"Ni. Hajo. Gwaggo. Yara huɗu." Ya yi lissafi da leɓe. "In an riƙe hannu, zai kai mu sabon gero. Da ƙyar, amma zai kai."

Hajo ta ce, "Ƙaramin miji fa?"

Ya ce, "Idi ai ba ya ci. Allah ya hutasshe mu ta nan."

Gwaggo ta ce, "Wanga ai raƙumi ne, tozonshi yake ci."

Aka yi dariya, har da ni. Na bugi ƙirji, wanda a lokacin ƙasusuwansa ana iya kaɗa su kamar kalangu. Wallahi daɗi na ji. Ban taɓa amfanar gidanmu da komai ba sai ranar, kuma da rashin ci na amfane shi.

Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshin da ke sa mutum ya so ya ɗebo ya ci. A makon ne na je karɓar magani, Malam Disfensa ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ɗora yatsu a wuyan hannun, ya daɗe yana kallon agogonsa. Ya sa na miƙa hannuwa, suna rawa kamar na mai kaɗa garaya.

Ya ce, "Idi, yaushe rabonka da barci na kirki?"

Na ce, "Malam, barci ai na malalata ne."

Ya ce, "Zuciyarka na gudu kamar an biyo ta. An yi wa likitan nan canjin wuri, wanda ya gaje shi ya aiko cewa a tsayar da kai. Abin da ke cikin kwalbar nan shi ne na ƙarshe."

Na ce to ya ba ni kwalbar in lallaɓa ta da kaina. Ya yi murmushi ya jefa ta a aljihun rigarsa. Ya ce in ya ba ni, kafin wata ya mutu na shanye, sannan in faɗi ƙasa warwas. In kuma aka tsayar lokaci guda, nan ma faɗuwa ce. "Ka taɓa ganin wanda ya diro daga kan raƙumi yana tsaye? Ƙafa yake karyawa. Durƙusar da shi za mu yi, gaba sannan baya." Ya ce duk ran kasuwa in zo, zai ƙulla mini na mako. Yanzu ɗaya da rabi, can gaba ɗaya, can gaba rabi. Ya ɗauko reza ya tsaga ƙwayar a gabana, kamar mai yanka naman layya a shekarar tsada.

Makon farko sai kasala. Da la'asar in ji kamar an ɗora mini buhun gyaɗa a kafaɗa. Mako na biyu barci ya zo karɓar bashinsa, ya same ni a gindin sanda, wata mota ta yi ta oda har direban ya sauko ya ɗaga da kansa ya wuce. Aka ce in je in huta, dama da damina hanya a rufe take yini guda in an yi ruwa, ba a bukatar mutum biyu. Ban damu da aikin ba sosai. Abin da ya tsorata ni ya zo ne wata safiya, ina alwala, Hajo na dama koko. Ƙamshin tsamiya da gasara ya biyo iska. Sai na ji wani abu ya motsa a cikina, ya yi miƙa, ya buɗe ido. Yunwa ce ta dawo daga tafiya, kuma ta dawo da 'yan'uwanta.

Na kalli yaran suna zaune a jere da 'yan ƙorensu, wuya ya fara tsawo, gashin ƙaramar ya fara ja. Na tuna yatsun Yaya a gindin rumbu. Bakwai ya lanƙwasa. In na buɗe baki na ce ina jin yunwa, na takwas ya shigo, kuma ba daga sama za a ɗebo rabonsa ba, daga cikin 'yan ƙoren nan ne.

A ranar na ce wa Yaya zan koma gonar nesa, ta wajen hanyar Bugaje, in zauna a bukka in riƙa noma ina tsaron dabbobi. Ya ji daɗi ƙwarai. Hajo ta ba ni gorar ruwa da 'yar tukunya, ta ce, "Guzuri kuwa ban san mi zan ƙulla maka ba, tunda kai iska kake ci. Can ma akwai ta da yawa." Na ce, "Amarya, ta can ma ta fi daɗi, ba hayaƙin girkinki." Na saɓa fartanya na fita ina dariya. Dariyar ta raka ni har bayan gari, daga nan ta koma.

Gonar jigawa ce, shimfiɗe, ba gida kusa. Bukkar kara ce wadda in an yi ruwa sai ka zaɓi inda kake so ya ɗigo maka, a ka ko a ƙafa. Da asuba in haɗiye rabon ranar, in samu ƙarfin noma zuwa hantsi, yunwa ta lafa. Rana na yin tsaka sai maganin ya sake ni, kamar wanda ya ɗauke ka a keke ya sauke ka a tsakiyar daji. Sai gwiwa ta mutu. Sai ciki ya fara kira. Sai kasuwar cikin kaina ta fara ci, amma ba irin ta da ba mai raha, wannan kasuwar duk masu bin bashi ne.

Na ci tafasa. Na ci ta dafaffiya, na ci ta da ba ta gama dahuwa ba don ban iya jira. Ba gishiri, ba ƙuli, ba mai, sai kanwa 'yar kaɗan da na roƙa wurin wani makiyayi. Na ci yaɗiya, na ci rama mai tsamin da ke kashe haƙori, na jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ina zubar da ruwan ɗaci. Na tauna ɗanyen karan gero. Na bi fara da gudu na faɗi, farar ta tsaya a kan ganye tana kallona. Duk abin da na zuba wa cikin nan sai ya karɓa ya ce saura. Na rantse da a lokacin an soya mini sandar kan iyaka da na cinye ta har dutsen.

Amma yunwa ba ita ce mafi wuya ba. Shirun ne. Wani yini sai in zauna a bakin bukka, ruwa na zuba, hawaye na zuba, ban san dalilin ko ɗaya ba. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya zage ni. In na tuna wani abin dariya, in juya in faɗa, ba kowa sai fartanya. Na fara yi mata hira. Mai haƙuri ce, amma ba ta dariya. In iska ta juyo daga arewa na kan ji begilar sojan Faransa can nesa, in ce ko ba komai akwai wani mai rai da ke hura wani abu.

Ran kasuwa in shiga gari. Malam Disfensa ya taɓa hannuna, ya ce zuciya ta fara tafiya irin ta mutane, ya rage tsagi. Ya ce, "Kana cin abinci dai ko? Yanzu ne jikinka zai nema." In ce, "Sosai, Malam." Daga nan in biya gida in gaida Gwaggo a tsaitsaye. Hajo ta ce, "Zauna mana, na kusa saukewa." In ce, "Ni da tuwo ai mun rabu, saki uku." In fita da sauri kafin ƙamshin miyar kuka ya kayar da ni a tsakar gida.

A irin wannan rana ce na haɗu da wani direba Bagobiri, mai tsage har kunne, wanda ke jan babbar mota tsakanin Katsina da Maraɗi. Kamiyo yake ce wa motarsa, irin na mutanen can. Ya san ni tun ina kan sanda. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, Shagala, mi ya cinye ka?" Ban san abin da ya sa ba, shi na gaya wa. Wataƙila don ba ɗan garinmu ba ne. Ya yi dariya ya ce, "Wagga 'yar ƙwaya? Mu da ita muke tuƙin dare. A Maraɗi akwai mai kanti da ke da ita, ba takarda, ba tambaya. Ran Alhamis zan koma. Ka tsaya bakin hanya, in na yi oda ka hito."

Na koma bukka ina juya maganar. Ba wai daɗin ƙwayar kawai nake nema ba, ko da yake ina nemansa, har mafarkinta nake yi. Lissafi ne mai sauƙi. In na koma mata, yunwa ta tafi, ƙidayar Yaya ta tsaya daidai, yara su kai sabon gero. In na bar ta, ko dai in mutu a bukka ko in je in raba 'yan ƙoren nan. Zuciyar da Malam ke tsoro kuwa, na ce ai tawa ce, in ta gudu ta gaji ta tsaya. Na yanke zan tafi.

Ran Laraba aka yi gayyar maimai a gonar. Samari suka zo tun da sassafe da fartanyu, da makaɗi da gangar noma. Gero ya kai ƙugu, ciyawa ta yi masa kawanya. Aka jeru, ganga ta tashi, ƙasa ta fara tashi. Ni kuwa a lokacin abin da nake sha bai fi ɓarin ƙwayar gero ba, fartanya ta yi mini nauyi kamar turmi. Makaɗi ya hango ni, ya juyo da ganga. "Idi raƙumin Magama! Ba ci, ba sha, sai aiki!" Samari suka yi ihu. Na ɗaga fartanya sama, na kusa tafiya da baya.

Da rana ta take, mata suka iso da ƙwarya a ka, Hajo a gaba. Damin da Yaya ya ware ne aka daka, aka yi fura da tuwo. Aka sauke a gindin tsamiya. Kowa ya yar da fartanya ya nufi inuwa. Ba wanda ya kira ni. Ba mugunta ba ce, kowa ya san Idi ba ya ci, kiransa ma ɓata baki ne. Na juya musu baya na ci gaba da sara ni kaɗai a tsakiyar gona. Ina jin ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Ina jin mutum na haɗiya daga nisan da ko harbin bindiga bai kamata in ji ba. Na taɓa kwana a daji, na taɓa zama baƙo a garin da ban san kowa ba, amma ban taɓa zama ni kaɗai irin na wannan rana ba, da mutum wajen talatin a bayana.

Da aka koma aiki, mata suka tara ƙoren a bayan bukka suka tafi ɗebo itace. Na sulale. Na durƙusa na ɗauki ƙwarya, na bi gefenta da yatsa, na lashe. Na ɗauki ta biyu. Na lashi ludayi ciki da baya. Ina kan ta uku na ji an ce, "Ƙaramin miji."

Hajo ce, tsaye da ɗan itace a hannu. Yatsana na cikin baki.

Na ce, "Amarya, dubawa nake ko kun iya wanke-wanke."

Ba ta yi dariya ba. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Ta wuce ni ta shiga bukka. Na ji ta buɗe tukunya. Ta fito da baƙar tafasa a yatsa, ta ɗanɗana, ta tofar.

"Tun yaushe?"

"Tun shuka."

"Tun shuka." Ta maimaita a hankali. "Kana zuwa gida ran kasuwa, ina ce maka zauna, kana ce mani saki uku."

Na ce, "Don Allah kar ki gaya ma Yaya. Gobe zan tahi Maraɗi, akwai inda ake samun ƙwayar. In na dawo shi ke nan, komi ya koma daidai. Ke kin san abin da ke cikin rumbun nan, ke ke awo."

Ta ce, "Ni ke awo." Ta tsuguna ta jera ƙoren, ta ɗaure su da tsumma, ta ɗora a ka. Ba ta ce za ta faɗa ba, ba ta ce ba za ta faɗa ba. Ta tafi.

Washegari na tashi da wuri, na wanke fuska, na karkaɗe riga. Gari ya yi luf, hadari na yawo. Na fito zan nufi babbar hanya, sai ga Yaya a kan turba, fartanya a kafaɗa, gora a hannu. Muka gaisa.

Ya ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Nan bakin hanya."

Ya ce, "'Yan gayya sun bar gefen gabas. Ɗauko fartanyarka."

Wana ne. Na ɗauko. Muka jeru muna sara. Shi yana gaba, in ya ga na yi baya sai ya tsaya yana gyara ƙotar da ba abin da ya same ta. Can wajen hantsi na ji oda daga babbar hanya, doguwa, sau biyu. Na miƙe tsaye. Yaya bai ɗago ba, sara kawai yake. Odar ta sake tashi. Ƙafafuna suka yi ta gardama da juna, ɗaya na son gudu ɗaya ta kafe. Sai na ji kukan injin ya ƙaru, ya yi arewa, ya yi ta raguwa har ya ɓace.

Yaya ya ajiye fartanya ya ce, "Zo mu sha hura."

Muka zauna a gindin tsamiya. Ya juye gorar a 'yar ƙwarya. Furar mutum ɗaya ce, an tsinka ta da ruwa har kana ganin gindin ƙwaryar. Ludayi ɗaya. Ya miƙo mini.

Na ce, "Yaya, rumbun ba zai kai ba."

Ya ce, "Ba zai kai ba."

"To?"

"To sai ya ƙare muna tare." Ya kalli gona, bai kalle ni ba. "Da bakina na cire ka, gaban mata, kana dariya ina jin daɗi. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, na ƙirga gidana na tsallake shi. Karɓi ludayin nan, hannuna ya gaji."

Na karɓa.

Rumbun kuwa bai kai ba. Ya ƙare gero na cikin ɗaukar ido, bai nuna ba tukuna, muka yi kusan wata muna cin tafasa da dusa, gidan gaba ɗaya, aka sayar da akuyar Gwaggo, ita kuwa Gwaggo ta yi ta tsine mini har ƙarshen ranta, in na gaishe ta ta ce akuyarta na gaishe ni daga cikina. Amma ba wanda yunwar ta kashe. Ran kasuwar ƙarshe Malam Disfensa ya lakato wata 'yar ƙura a bakin reza ya ɗora mini a harshe, ya kife kwalbar ya ce, "Sauka, raƙumin ya durƙusa." Kasuwar cikin kaina ta dawo da cinta, har yau ba ta tashi ba. Jiya ma an aike ni sayen ashana na dawo da kankana. Yanzu hanyar Magama kwalta ce, motoci ba sa jiran ƙasa ta bushe, kuma in na ga samarin tasha suna kora 'yan ƙwayoyi da shayi ba na ce musu komai. Wuyansu kawai nake kallo, in ce ko wa ke ƙirga su a gida.

Amma yammacin Alhamis ɗin nan na fi tunawa. Muka dawo gida tare, ni da Yaya, ana kiran magariba. Bayan salla muka zauna a zaure. Hajo ta fito da kwano ta dire a tsakaninmu, ta buɗe. Tuwon bai fi dunƙulen hannu ba, yana iyo a cikin miyar da ta fi kama da ruwan wanke kuka.

Ta ce, "Ga shi nan. Mazan gida biyu, tuwon mutum ɗaya. Ku yi dambe."

Yaya ya tsaga shi da yatsa, ya juyo babban ɓangaren wajena. Na juya kwanon ya koma wajensa. Ya sake juyowa. Na sake mayarwa. Hajo ta riƙe ƙugu ta ce, "In kun gama yi mashi ɗawafi ku ba ni in kai ma yara, su sun san abin da ake yi da tuwo."

Yaya ya danne kwanon da hannun hagu ya ce, "Bisimilla, Idi."

Loma uku na samu, ta ukun ma rabi ce. Na suɗe yatsu, na tashi da yunwa kamar yadda kowa a gidan ya tashi da ita. Tun shuka ban ji daɗi irin na ranar ba.